A Daina Ɗora wa Sabis Laifin Mai Manhaja

A watan azumin da ya gabata na kwana biyu a Rano, daga nan na ƙarasa Kibiya don in gaida wani kawuna. Da la'asar sakaliya muna zaune a ƙofar gida ya ciro wayarsa, wata ƙaramar Itel mai tsagaggen gilashi, ya kunna tafsirin da jikansa ya saka masa cikin wata manhaja. Mai jan baƙi yana tsakiyar aya sai murya ta yi ƙit ta ɗauke, ta dawo, ta ci gaba kaɗan, ta sake ɗaukewa. Kawu ya ɗaga wayar sama kamar mai neman iska, ya ce, "Ka ga abin da muke fama da shi ko, ɗana? Sabis ɗin garin nan sai haƙuri."

Na karɓi wayar na duba. Babu data ko ta kobo a cikinta. Tafsirin kuwa tun a Kano aka sauke shi, yana zaune daram a memori. Na nemo fayil ɗin na kunna shi da manhajar sauraron waƙa wadda ta zo tare da wayar, ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Waya ɗaya, karatu ɗaya, gari ɗaya, manhaja ce kawai ta bambanta.

Da na dawo Kano na nemi matashin da ya rubuta manhajar. Yaro ne mai ƙwazo, kuma don Allah ya yi aikin, ba wanda ya biya shi. Na tambaye shi yadda ya tsara fitar sauti. Ya ce ya bi wani darasi na intanet, inda aka ce mafi kyawun manhajar sauti ita ce mai ƙarancin jinkiri, shi ya sa ya saka lamba 256 kamar yadda mai darasin ya saka. A wayarsa, wadda kuɗinta ya ninka na wayar Kawu sau da yawa, bai taɓa jin wani cikas ba.

Wannan lamba ita ce abin da nake son mu yi gardama a kai yau. Ra'ayina a taƙaice shi ne: girman ma'ajiyar sauti hukunci ne a kan wanda aka yi wa aikin, kuma mun daɗe muna barin mutanen da ba su taɓa jin sunan Kibiya ba su yanke mana shi. Idan abin ya lalace kuma mu jingina wa sabis, ko mu ce ai wayar China ce.

Injin niƙa da ke cikin wayarku

Sauti a cikin waya lambobi ne. Lokacin naɗin murya, na'ura tana auna motsin iska sau dubbai cikin sakan guda, tana rubuta kowane ɗigo da lamba. Faifan CD yana ɗauke da ɗigo 44,100 a kowane sakan, yawancin wayoyin yanzu kuma suna aiki da 48,000. Lokacin sauraro sai a juya aikin: wani ɗan guntun lantarki ya riƙa karɓar lambobin ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su motsin lasifika. Wannan guntu ba ya jira, ba ya uzuri. Kowane sakan sai ya ci ɗigo 48,000, ko an kawo masa ko ba a kawo ba.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san irin wannan hali. Inji yana juyawa da gudu ɗaya. A samansa akwai mazubi, inda ake zuba hatsi, sannan akwai yaron da ke ɗebowa da kwano yana ƙarawa. Muddin akwai hatsi a mazubi, gari na fita. Idan yaro ya shagala har mazubi ya bushe, ƙarar inji ta canza nan take, ƙarfe ya hau cin ƙarfe. Wannan ƙit da Kawu ke ji, ƙarar mazubin da ya bushe ce.

Masu rubuta manhaja suna kiran mazubin bafa, kwanon kuma firiyod. A tsarin ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, wanda kuma shi ne ke kula da sauti a cikin Linux, har da Linux ɗin da ke ƙarƙashin kowace wayar Android, mazubin zobe ne a cikin ƙwaƙwalwar na'ura da aka raba gida-gida, kowane gida kwano guda. Duk lokacin da guntun sauti ya cinye kwano ɗaya sai ya taɓa furosesa ya ce a ƙaro. Saboda haka lambobi biyu ne ake zaɓa, kuma kowace da aikinta. Girman kwano shi ke nuna sau nawa za a tashi furosesa. Girman mazubi shi ke nuna iya lokacin da furosesa zai iya makara ba tare da sauti ya yanke ba, shi ne kuma iya lokacin da sabon sauti zai yi a layi kafin ya kai kunne. Wanda ya zuba geronsa bayan na wani dole ya jira na gaba ya wuce. Wannan jiran shi ake kira jinkiri.

Ga lissafin, ba shi da wuya. A gudun 48,000, kwano mai ɗigo 256 yana ƙarewa cikin milisakan 5.3, wato kashi ɗaya cikin kusan 188 na sakan. Idan mazubi kwano biyu ne, abin da ke ajiye gaba ɗaya bai kai milisakan 11 ba. Cikin tafsirin awa guda za a tashi furosesa sau 675,000, kuma a cikin waɗannan duk wanda ya makara da ƙiftawar ido, mai sauraro zai ji. A ɗaya ɓangaren, kwano mai ɗigo 4,800 yana ɗaukar milisakan 100. Tashi goma ne a sakan, 36,000 a awa. Mazubi mai irin wannan kwano huɗu yana riƙe sautin milisakan 400, kuma abin da zai ci a ƙwaƙwalwar waya, idan sauti ne na kunne biyu mai bit 16, bayit 76,800 ne. Hoton biki ɗaya da aka turo muku ta WhatsApp sau da yawa ya fi haka nauyi.

Wa ke jiran sautin?

Ƙarancin jinkiri abu ne mai daraja a inda ake buƙatarsa. Mawaƙin da ke tsaye gaban makirfo a situdiyo a Kano, yana jin muryarsa ta na'urar kunne yayin da yake rerawa, yana buƙatar ta dawo masa kusan nan take. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka jinkirin milisakan 10 kamar mutum ne ya ji kansa daga nisan mita uku da rabi. Kunne na iya jure wannan. Amma idan mai haɗa sauti ya bar FL Studio ko Cubase a kan 2,048, a gudun 44,100, shiga kaɗai za ta ci milisakan 46, fita ta ci kwatankwacin haka. Mawaƙi ya riƙa jin muryarsa tana bin sa a baya kamar amsa-kuwwa, harshensa ya yi nauyi, ya saki kiɗa. Na sha ganin ana faɗa wa yaro cewa ba shi da kunnen waƙa, alhali lamba ce ba a sauke ba. Don irin wannan aiki ne kamfanin Steinberg ya fito da ASIO a 1997, kuma ƙa'idar ƙwararru sananniya ce: 128 ko 256 lokacin ɗaukar murya, 1,024 ko fiye lokacin tace waƙa, sa'ad da babu mai jira kuma furosesa ke ɗauke da kaya masu nauyi.

Kiran waya ma haka ne. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba G.114, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai idan jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba. Da ya zarce haka da yawa sai mutane su fara katse juna. Mai buga wasa a waya, da mai danna fiyano a allon waya, su ma suna jira.

To, Kawu fa? Me yake jira? Ya danna maɓalli sau ɗaya, ya ajiye waya a kan tabarma, ya gyara zama. Ko karatu ya fara bayan milisakan 10 ko bayan 400, ba zai taɓa sani ba. Abin da zai sani, kuma ya sani, shi ne yankewa. An saya masa saurin da ba shi da amfani gare shi, an biya da natsuwar karatunsa da cajin batirinsa. Haka abin yake ga manomin da ke sauraron darasin zuba taki a Rurum, da matar da ke jin shirin lafiya tana tsintar wake, da ɗalibin da ke bitar hadda. Mafi yawan sauraron da ake yi a ƙasar Hausa irin wannan ne: a kunna, a ajiye, a ji.

Masu ƙera tsarin sun san da haka tuntuni. A 2008 Lennart Poettering ya sauya wa PulseAudio tsari ta yadda zai iya ajiye sauti har na sakan biyu idan sauraro kawai ake yi, don furosesa ya samu barci. Android yana da hanya ta musamman mai zurfin mazubi don waƙa da dogon sauraro. AAudio, wanda ya zo da Android 8 a 2017, yana bai wa mai manhaja zaɓi a fili tsakanin ƙarancin jinkiri da tattalin batir. Kayan aikin na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsayawa a tambayi wanda za a yi wa aiki.

Wayar da ake da ita

Wani zai ce, ai laifin wayar ne, da ta ƙwarai ce da ba ta makara ba. Wannan magana gaskiya ce da ba ta da amfani. Ku zaga kasuwar waya ta Farm Centre ku ga abin da ake saye ana kai wa ƙauye. Tecno ne da Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, kuma na ƙasa-ƙasansu suna tafiya ne da Android Go, wanda Google ya fitar a 2017 musamman don wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Waɗannan su ne wayoyin jama'armu. Magini ba ya zargin ƙasa da laushi bayan gini ya tsage. Aikinsa ne ya gwada ta kafin ya haƙa tushe.

Kuma yanayinmu yana ƙara wa yaron kwano nauyin ƙafa. Waya idan ta yi zafi, da kanta take rage gudun furosesa don kada ta lalace, a watan Afrilu kuwa zafin Kano na haura digiri 40. Idan caji ya yi ƙasa, tsarin tattalin batir ya sake rage gudu, mutumin da ke biyan kuɗi wajen mai caji kuwa rabin rayuwar wayarsa a ƙasa da kashi ashirin take. Ga memori mai arha da ke jan ƙafa wajen karanto fayil. Ga saƙonnin rukunoni goma na WhatsApp suna shigowa lokaci guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya riƙe furosesa na milisakan ashirin ko talatin. Mazubin milisakan 400 zai shanye wannan ba a ji ba. Na milisakan 11 kuwa tuni ya bushe.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan hikimar ajiya. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana nan kusa da Rano. Ruwan sama na zuwa cikin 'yan watanni, yau da yawa, gobe babu, amma gonakin rani na Bunkure da Kura da Garun Malam suna son ruwa a kai a kai. Tafkin ne ke tsakanin mai bayarwa marar tabbas da mai karɓa marar haƙuri. Gwargwadon rashin tabbas na mai bayarwa, gwargwadon girman da ya kamata ajiya ta yi. Wanda ya kwafo 256 daga darasin da aka shirya a kan kwamfuta mai tsada, a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, ya auna ajiyarsa ne da damunar wata ƙasa.

Hujjojin da ake kawowa

Na ji uzuri uku, kuma kowanne ya cancanci amsa.

Na farko: idan mazubi ya yi girma, maɓallin tsayawa zai yi nauyi, a danna amma murya ta ci gaba. Wannan na faruwa ne idan mai manhaja ya bar mazubi ya tsiyaye da kansa. ALSA da Android duk suna da umarnin dakatarwa nan take da na zubar da abin da ya rage. Layuka kaɗan ne na rubutu.

Na biyu: ai tsarin waya ne ke kula da duk wannan, ba ruwan mai manhaja. Da haka ne da mun huta. Gaskiya ne cewa wanda ya yi amfani da na'urar kunna sauti da Android ya tanada, irin su ExoPlayer, ya samu zaɓi mai kyau a kyauta, shi ya sa manhajar da ta zo da wayar Kawu ba ta yi tuntuɓe ba. Matsala na zuwa ne idan mutum ya sauka ƙasa ya kama lambobin da hannunsa, ko ya gina manhajar karatu a kan injin da aka yi don wasanni. Wanda bai san dalilin lamba ba, mafi alheri ya bar ta yadda ya same ta.

Na uku ya fi ƙarfi: wayoyi sun bambanta, babu lambar da za ta dace da kowa. Haka ne, shi ya sa ba lamba nake kira a kwafa ba, ko da 4,800 ɗin da na yi misali da ita. A ALSA, umarnin da aka fi amfani da shi wajen neman girman mazubi da na kwano sunansa ma yana ƙarewa da kalmar da ke nufin "kusa da". Roƙo kake yi, na'ura ta ba ka abin da ta iya, kuma wajibi ne ka duba abin da aka ba ka. Tun Android 7 na 2016 manhaja na iya tambayar sau nawa mazubi ya bushe. Oboe, ɗakin kayan aiki da Google ya fitar kyauta, yana iya ƙara girman mazubi da kansa duk lokacin da aka samu yankewa. Manhajar kirki tana auna wayar da ta samu kanta a ciki, ta daidaita.

Akwai kuma ladabin yaron kwano, wanda girman mazubi ba ya maye gurbinsa. Sashen manhaja da ke cika mazubi kada ya tsaya karanto fayil, kada ya jira intanet, kada ya zana komai a allo. Wani sashe daban ya yi waɗannan tun da wuri, shi kuwa ɗebowa da zubawa kawai.

Kada kuma a ɗauka sabis ba ya laifi. Mai sauraron Freedom Radio ko Rediyon Kano ta intanet yana da mazubi biyu: na intanet, mai riƙe sakanni da dama, da na sauti, mai riƙe milisakan. Idan na farko ya bushe, sabis ne, kuma yawanci shiru ne mai tsawo da ɗan da'ira tana juyawa. Idan na biyu ne, ƙit-ƙit ne gajere. Gwajin da ke raba su kowa zai iya: a kashe data, a kunna abin da aka riga aka sauke.

Abin da ke zubewa

Lokacin sauraro, yankewa na ɓata rai ne kawai, fayil na nan lafiya. Lokacin naɗi abin ya fi muni. A can makirfo ne ke zubawa, manhaja ke kwashewa, idan ta makara mazubi ya cika ya tumbatsa, kuma abin da ya zube ya tafi har abada. Ni ɗan jarida ne, na taɓa dawowa da hirar da ba za a iya maimaitawa ba na same ta da ramuka. Ga harshe irin namu hasarar ta fi tsanani, domin tsawon wasali na rarrabe ma'ana. Tsakanin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, 'yan milisakan ne na jan wasali. Masu tajwidi sun fi kowa sanin abin da gutsure madda ko shadda ke jawowa. Yanzu ga shi ana ta ƙoƙarin tattara muryoyin Hausa don koya wa kwamfuta harshen, ana naɗar wa'azi da tarihin baka daga bakin dattawan da ba za su daɗe tare da mu ba. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai. Abin takaici ne a naɗi tarihinta da manhajar da ke zubar da gaɓoɓi.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa ba sa rubuta manhaja, amma su ke bayar da aikinta: jami'an ma'aikatu, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, shugabannin makarantu, kwamitocin masallatai. Ku ne ke sa hannu a karɓi aiki. Kafin ku sa, ku yi tambaya uku. A wace waya aka gwada, nawa ne kuɗinta? An bar ta ta yi awa guda tana karatu, allo a kashe, caji a ƙasa, da tsakar rana? Sau nawa sauti ya yanke, kuma nawa ta ci na batir? Wanda ya yi aiki tsakani da Allah zai ba ku lambobi. Wanda ya ce muku "ai ya danganta da sabis" a kan abin da ba ya buƙatar sabis, ku riƙe kuɗinku tukuna.

Masu koyarwa kuma, a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da shirin 3MTT na horar da matasa, ina roƙon a ƙara sharaɗi ɗaya a aikin ɗalibi: duk manhajar sauti sai ta ci jarrabawa a kan waya mafi arha da ake sayarwa a kasuwa. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar fasahar karkara a cikin Rano. Ban ga wurin da ya fi dacewa da irin wannan gwaji ba.

Matashin nan ya gyara manhajarsa cikin yini guda. Ya cire lambar, ya koma kan hanyar tattalin batir, ya ari ƙaramar wayar ƙanwarsa ya gwada. Ban ga laifinsa sosai ba, domin babu wanda ya taɓa ce masa akwai tambayar da ake yi kafin a zaɓi lamba. Kawu kuwa ya ƙarasa azuminsa da tafsiri ba yankewa, tun daga ranar da na mayar masa da shi kan manhajar da ta zo da wayar. Na yi masa bayanin mazubi da kwano har sau biyu. Ya saurara da kyau, ya sa mini albarka, sannan ya shaida wa mutanen majalisarsa cewa ɗan ƙanwarsa ya zo daga Kano ya gyara musu sabis.